Rigar Iskar da Kawunki Ya Tsinto

Kaukira, ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Rumalda,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji wannan takarda ta same ki lafiya a tsibirin Kayman, Ya kuma sassauta miki zafin ɗakin wankin otal ɗin nan. Mu nan lafiya. Ƙafafun babanki suna nan yadda teku ta bar su, amma yana cin abinci. Da hannuna nake rubuta miki, ki yi haƙuri da karkacewar layi, kin san da furfura na shiga aji.

Kin tambaya wace irin rigar iska, wadda masu nutso ke hurawa, za ki saya wa ƙanenki Delton kafin jirgin masu nutso ya tashi farkon wata. To saurara. Kawunki Wilbor ya dawo daga tsibirin Rowatan da wata tsohuwa da ya tsinto a bayan shagon masu kai baƙi nutso, yana ta washe baki wai ya hutar da ke. Rumalda, tun daga ƙofa ɗoyinta ya riga shi shigowa. Da na kwance murfinta na kifar, wani baƙin ruwa ya zubo mai yauƙi, har da matattun kyankyasai. Bakin tiyon da ake hurawa duk gansakuka, ga shatin haƙoran mutanen da ban san ko su wane ne ba. Ranar ko kunun ayabata ban iya sha ba.

Delton ya gwada ta a bakin ruwa. Ta yi masa yawa, yana hura ta sai ta haye masa har kunnuwa, kansa ya shige ciki. Mazan da ke zama gindin kwakwa suka kwashe da dariya. Tsoho Anastasio ya ce ga kunkuru ya sami gida, a kawo tukunya. Wani ya tambayi Delton ko har da man shafawar Turawa yayarsa za ta aiko, kada rana ta ƙona ɗan Mama. Anastasio ya ƙara da cewa su da igiya kawai suke ɗaura tulun iskar numfashi a baya, kuma in aljanar ruwa ta so mutum ba rigar da za ta hana ta. Yana faɗin haka yana zaune a keken guragun da nutson ya ɗora shi, robar fitsari na rataye a gefensa! Ashe gani ga wane bai ishi wane tsoron Allah ba. Delton ya cire ta ya wurga kan akurkin kaji, ya ce ko sabuwa kika aiko ba zai sa ba.

Na san rigar ba ta maganin komai. Amma ma'aikaciyar asibiti ta ce saurin tasowa daga zurfi ne ke shanye ƙafafu, rigar kuwa tana barin mutum ya hau sama a hankali, ya dakata a hanya, in kuma ya fito kwalekwale ya yi nisa ta riƙe shi a saman ruwa. Babanki da ƙarfin ƙafa ya harbo sama kamar kwalba, kin ga abin da ya rage.

Don haka na ɗauko ta, na ɗura mata ruwan zafi da lemun tsami har na gaji, na rufe ido na sa bakina a tiyon. Na yi amai, na kurkure baki, na sake. Ni ta yi mini daidai, kin san jikin uwarki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: da rana tsaka na shiga ruwa da ita a gabansu. Da fari ta kifa ni rubda ciki, na sha ruwa, suka yi ta ihu wai kifin Kaukira ya ga ta kansa. Na ce da Anastasio ya taso ya nuna mini yadda ake yi da igiya. Kullum nake komawa, yanzu har na iya ɗaga tiyon sama in saki iska kaɗan kaɗan, in nutse zuwa haɓa, in sake tasowa. Jiya Delton ya shigo ruwan da wandonsa, ya ce don Allah Mama in fito, na hana shi ɗaga kai a gari. Na ce ba inda za ni. Ya ce to in daidai jikinsa ce, kuma baƙa, zai sa. Na ce ranar da na gan ta a jikinsa, ranar zan daina.

Ga abin da haƙarƙarina ya koya mini. Kada ki sayi babba wai zai yi ƙiba. Ta kama ƙugu, kada ta hau hammata, in an cika ta kuma kada ta matse numfashi. Ki hura ta tam ki ajiye, in ta saki kafin ki gama hira da mai shagon, ki bar masa abinsa. In ta hannu ce, ki shinshina tiyon tukuna. Ki ba wanda zai zo makon nan, don ya sami kwanakin sabawa da ita a ruwa marar zurfi. In jirgi ya riga ta, haka zai tafi da igiya.

Za ki ga igiya cikin ambulan, ƙullin farko ƙirjinsa, na biyu ƙugunsa. Da safe ina neman zaren awo, sai babanki ya ce in miƙo masa tsohuwar igiyar tulunsa da ke rataye a bango. Ya yanka da kansa, ya kira Delton ya durƙusa gaban kujerarsa, shi ya ƙulla. Kada ki yar da ita.

Ki gai da mijinki Elvin da jikata Yorleni. Gwaggonki Brígida tana gaishe ki. Wilbor ma yana gaisuwa, ko da yake har yanzu ban bar shi ya taɓa mini kofi ba.

Mahaifiyarki,
Ercilia