Na Tona Asirin Ɗalibata a Ɗakin Malamai

Assalamu alaikum Hajiya Safiya. Don Allah ki taimaka mini da shawara, wata biyu ke nan abu ɗaya na cin raina, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Tsafe. Bara shugabar makarantarmu ta ƙara mini aikin ba ɗalibai shawara, ba don na karanci fannin ba, sai don wai yara na sakin jiki da ni. Ofishin ma tsohon sito ne, rabinsa karyayyun bencina.

Akwai wata yarinya a aji biyu, zan kira ta Bara'atu. Shekarunta sha biyar, ta girmi 'yan ajinsu. Daga wani ƙauye ta wajen Mada iyayenta suka kawo ta hannun gwaggonta, bayan makarantarsu ta shekara uku a rufe saboda rashin tsaro. Ga natsuwa, ga rubutu kamar na inji, in aka yi tambaya da baki ita ce ta farkon ɗaga hannu. Amma jarrabawa ta zo, sai ta faɗi warwas.

Wata rana lokacin tara ta shigo ofishina ta rufe ƙofa. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta kafin ta ce mini ba ta iya karatun boko ba. Abin da ke kan allo zana shi kawai take yi, sauran kuma haddacewa take daga bakin malamai. Ta ce ko gwaggonta ba ta sani ba. Ta roƙe ni don girman Allah kada kowa ya ji, na yi mata alkawari. Muka fara daga baƙaƙe, kullum minti ashirin. Cikin sati uku har ta fara haɗa kalmomi.

Hajiya, ni da bakina na ɓata komai. Na ga lokacin ya yi mana kaɗan, sai na kawo zancen a ɗakin malamai, da niyyar malamin Turanci, Malam Tajuddeen, ya kama mini. Har sunanta na ambata. Washegari ya tsayar da ita gaban aji ya miƙa mata littafi. Ta kasa karantawa, yara suka fashe da dariya, wata ta ce a mai da ita firamare. Ko jakarta ba ta ɗauka ba ta fita. Ba ta sake dawowa makaranta ba, jakar tana ofishina har yau.

Da na tunkare shi, ya ce shi tabbatarwa ya so yi, don bai yarda ba. Shugaba kuma ta ce in bar zancen, yara dama suna zuwa suna tafiya.

Ranar kasuwar da ta wuce na gan ta a rumfar gwaggonta tana auna wake. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, amma ba ta ɗago ta kalle ni ba. Na sayi waken da ba na buƙata na wuce. Yanzu na ji za a kai ta Bungudu wajen kawunta bayan salla. In je gidansu ne, ko zuwana ƙarin ciwo ne? Ni fa kunyarta nake ji.

Taki,
Malama mai nadama, Tsafe

Wa alaikumus salam Malama.

Ba zan ɓoye miki ba, kin ci amana, ko da niyyarki ta alheri ce. Neman taimako ba laifi ba ne. Laifin shi ne ba ki nemi izininta ba, kuma kika yi maganar a bainar jama'a. Sai dai ki tuna, cikin malaman makarantar duka ke ta zaɓa, kuma a hannunki ta fara haɗa kalma. Wanda bai damu ba ba ya wata biyu yana juyayi.

Ki je gidan, cikin satin nan, kada ki jira salla. Kada ki tare ta a kasuwa. Ki gaida gwaggon, ki nemi ganin yarinyar ku biyu, kuma ki kiyaye: gwaggon ba ta san sirrin ba, kada ki sake tona shi garin neman gyara. Ki ba Bara'atu haƙuri kai tsaye, ba tare da jero uzuri ba. Babba ba ya raguwa don ya amsa kuskurensa a gaban yaro. In ba ta amsa ba a ranar, hakkinta ne.

Kada ki matsa mata ta koma ajin da aka yi mata dariya. Abin da ta zo nema wajenki karatu ne, to ki yi mata tayin ci gaba da shi a gida. In tafiya Bungudu ta tabbata, ki tambaye ta ko ta yarda ki haɗa ta da wata malama a can. In ta ce a'a, ki tsaya nan.

Malam Tajuddeen kuwa, ki same shi cikin mutunci. Wataƙila bai nufi wulaƙanci ba, amma ya kamata ya san abin da gwajinsa ya jawo. Sannan ku je wa shugaba da tsari: a ware awa guda ta koyon karatu ga duk mai so, ba tare da kiran suna ba. Inda makarantun ƙauye suka daɗe a rufe, da wuya a ce yarinya ɗaya ce ke ɓoye wannan.

Allah Ya sanyaya zuciyar yarinyar nan, Ya buɗe mata karatu, ke kuma Ya ba ki ƙarfin halin yin sallama a ƙofar gidan.

Hajiya Safiya, Gusau