Kafaɗar da Na Sa wa Lorna a Hanyar Bes na Biyu

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah a bari in kai ƙarshe kafin a fara zagina.

Ƙarar ce ta fara gaya min an yi ɓarna, wani ƙas kamar an karya rake, sai ga Lorna a ƙasa riƙe da kafaɗa.

Raino nake yi a wani kamfawun, wato unguwar Turawa mai katanga, a Riyad. Ranar Juma'a bayan la'asar matan gidajen kan buga softball, in ba su cika ba sai su cike da mu 'yan aiki. Mai jifa ta jefo ƙwallo, a buga da sanda, a ruga daga bes zuwa bes, wato daga wannan tasha zuwa waccan. Dokarsu ita ce in mai tsaro ta duƙa za ta kama ƙwallon da aka bugo, hanya tata ce, mai gudu ce za ta kauce. Lorna 'yar Filifin ce, 'yar aiki kamata, amma kullum na gifta sai ta toshe hanci ta ce, "Yalla, Takruniya," wato yi gaba, baƙar fata. Ni da ke duk wanke-wanke ya kawo mu, hancin na mene ne? Ranar na taso daga bes na ɗaya, na gan ta sarai a duƙe, ga fili ta bayanta. Ban kauce ba. Na sa mata kafaɗa.

Madam ɗin da nake wa aiki ta ja ni gefe ta ce, "In suka ce laifinki ne, khuruj zan yi miki, ba na son rigima da ofishin kamfawun." Wato a tattara ni a mayar Kano.

Ku zo ku ga manyan banza! Mace na kwance tana ihu, su kuwa sun kewaye alƙalin wasa, wani tsohon Bature mai tumbi, suna musu ko ƙwallon ta taɓa safar hannun mai jifa. Wai in ba ta taɓa ba, laifina ne ko ban yi niyya ba. In kuwa ta taɓa ta karkace, sai in da gangan na yi. Wata da ko ruwan wankan ɗanta ba ta iya haɗawa ta kafe cewa ta taɓa. Sona take? Maki take nema wa ƙungiyarmu.

Alƙalin ya juyo ya ce, "On purpose?"

Na ce, "La wallah." Shi bai san nauyin kalmar ba. Ni na sani.

Washegari da hantsi Madam ta leƙo kicin tana dariya, ta baza hannuwa irin na alƙali in mai gudu ta tsira. "Sef! Sun ce tsautsayi ne." Ta ƙara, kamar mai zancen cefane, wai ƙashin kafaɗar Lorna ya karye, kafil ɗinta, wato ubangidan da ya ɗauko ta, zai mayar da ita gida tunda ba ta iya ɗaukar yaro.

Ni ce sef ɗin. In na buɗe baki mu biyu za mu hau jirgi, in na yi shiru ita kaɗai. Haushinta bai bar ni ba, rantsuwar kuma tana wuyana. Anti, ni kam me zan yi?