Allurar Zazzaɓi Ba Ta Maganin Damuwa

Zuwa ga Shugaban asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina so in faɗi abin da ya same ni a asibitinka. Na zaɓi faɗa a bainar jama'a ne don na san ba ni kaɗai ba ne.

Ni tela ne, a Koki aka haife ni, a nan shagona yake. Mahaifina ya tsufa har ruɗewa ta kama shi. Yakan sulale ya nufi Ƙofar Nassarawa yana neman rumfarsa ta huluna, wadda aka rushe tun ina yaro. Ni ne babban ɗa, ni ke zaune a gidan, saboda haka wankansa da cinsa da cigiyarsa duk a wuyana suke. Ina tsakar ɗinki waya za ta yi ƙara, a ce ya sake ficewa, in bar kayan mutane a kan keke in bazama. Sannu a hankali ciwon kai ya zauna mini a ƙeya, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, barci ya ƙaura, hannuna ya fara rawa har zura zare a allura ya gagare ni.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Duk zuwan da na yi, kafin in gama zama an yanke hukunci: zazzaɓin sauro ne ko taifot. Na sha allura, na sha ƙarin ruwa. Da gwajin jini ya nuna babu komai, sai aka ce cutar ce ta ɓuya. Ba wanda ya tambaye ni ko ina barci, balle abin da na baro a gida.

Na biyu. Ranar da na yi ƙarfin hali na ce wa ma'aikacinka ina zaton tunani ne ke cina, dariya ya yi, ya ce namiji da gemunsa ina shi ina tunani, in yawaita istigfari. Ranka ya daɗe, istigfari ban taɓa bari ba. Amma ya faɗi haka ne alhali labule kawai ke tsakaninmu da bencin da maƙwabtana ke zaune. Tun daga ranar na kama bakina.

Na uku. Da na rasa mai saurarona sai na nufi kemis, aka ba ni ƙwayar barci babu takardar likita. Nakan yi barcin, in tashi kamar wanda aka daka a turmi. Ƙanwata Hajiya Rabi ce ta tsinci ƙwayoyin a aljihun rigata, ta tasa ni gaba sai babban asibiti.

Likitan can ya auna jinina da zuciyata, sannan ya ajiye biro ya ce, "Malam, wane kaya kake ɗauke da shi?" Na ba shi labarin Baba. Ya bayyana mini cewa jiki idan ya hango hatsari yakan shirya gudu: zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su ɗaure, ciki ya daina neman abinci. Wannan rahama ce idan hatsarin mai wucewa ne. Ni kuwa kullum kunnena na kan waya, jikina bai taɓa samun labarin cewa an tsira ba. Ya ce ba aljanu ba ne, ba raunin imani ba ne, amma in aka bar shi yana iya kai mutum ga hawan jini.

Maganin bai zo a sirinji ba. Hajiya Rabi ta tara 'yan'uwa aka raba kwanakin jinya. Na koyi ce wa mai kaya ba zan gama kafin Juma'a ba. Na bar goro da shayi mai kauri bayan la'asar. Idan an idar da sallar asuba, ni da wani aminina mukan taka zuwa gindin Goron Dutse mu dawo, ina faɗa masa abin da a da nake haɗiyewa. Ƙwayar barcin kuma likita ya janye ni daga ita a hankali.

Baba bai warke ba, kuma an gaya mana ba zai warke ba. Jiya ma da sunan ƙanensa marigayi ya kira ni. Na amsa, na ba shi kunu, na tafi shago na yi aikina.

Roƙona ba mai yawa ba ne. A koya wa ma'aikata su tambayi mara lafiya halin da yake ciki kafin su zuƙo allura. A sa ƙofa mai rufuwa a ɗakin ganin marasa lafiya. Wanda abinsa ya fi ƙarfinku, ku tura shi gaba da wuri. Na san ma'aikatanka kaɗan ne, layi kuma dogo. Ina zaton wasu cikinsu ma irin ciwona suke fama da shi. Su ma a tambaye su.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka kunnen saurare, ya sa ka gama lafiya da iyayenka.

Wassalam.

Sabi'u Tela, Koki, cikin birnin Kano.