Wanda Ya Amsa a Sildvig

Ƙanwata Thyra,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya birni, ya jikoki? Mu nan Sildvig lafiya lau, sai dai tun da kifi ya ƙare mu muka koma abin kallo. Kwamitin raya gari na kawo baƙi kaɗan-kaɗan, a kan keke, wai kada a tattake mana tarihi. Aksel, jikan mai gasa burodi, shi ne shugaba. Har gida ya same ni.

"Inna Gudrun, kiran nan da mata ke yi wa mazansu a bakin gaɓa in hazo ya rufe teku, shi za mu farfaɗo. Muryarki kaɗai ta rage."

Na ce, "Ɗan nan, wa zan kira? Jirginmu na ƙarshe kun mai da shi shagon shayi."

"Kowa ma, Inna. Baƙi sun san wani ne?"

Na yarda. Zaman ɗaka ya ishe ni.

Yayarki,
Gudrun

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Matar fasto ta bugo mini waya, wai Laurids kika kira. Lafiyarki kuwa? Mijinki da ruwa ya ci tun muna da baƙin gashi! Mai rai ake kira, Yaya. Wanda teku ta riƙe ba a fuskantarta da sunansa, ke kika koya mini. Ki bari. Na gyara miki ɗaki, ki taho.

Thyra

*

Thyra ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kwantar da hankalinki, ba da gangan ba ne. Na buɗe baki, ashe bakin bai san wani suna ba.

Da rana tsaka ne, hazo kamar a yanka da wuƙa. Baƙi suka tafa. Tafin bai gama mutuwa ba aka amsa daga teku: "Hoo!" Wata Bajamushiya ta tambayi Aksel inda suka ɓoye lasifikar. Ya yi dariya, amma rabonsa da bakin gaɓa ke nan. Yanzu cewa yake, "Inna, mu koma nuna musu saƙar komar kamun kifi mana."

Ni dai duk ranar hazo ina kira. Da farko daga can nesa yake amsawa. Jiya daga bakin mashigar jirage, har da ɗan tarin nan nasa na taba.

Ki huta lafiya,
Gudrun

*

Yaya,

Don girman Allah ki yi shiru. In ya iso, ba zama zai yi ya sha shayi ba, tafiya zai yi da ke. Ke kaɗai kika rage mini a 'yan gidanmu. Ranar Asabar zan zo da mota, ki ɗaure kayanki.

Thyra

*

Thyra,

Na ji maganarki, yau ban kira ba. Gaɓar ma ban je ba, ina kicin ina soya kifi.

Shi ya kira. Daga bakin ƙofa.

Ke ma kin san ba a yi mana tarbiyyar jin sunanmu mu yi shiru ba. Ki gaida yara.

Yayarki,
Gudrun