Ciwon Yara a Jikin Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririnmu. Yaya jego? Allah Ya raya mana shi.

Na san labari ya iso miki a gutsure, shi ya sa na zauna in rubuta miki shi daki-daki. Baba yana asibiti, amma ki kwantar da hankalinki, ya fara gane mutane.

Da ciwon kai abin ya fara. Ya baro shagonsa na kafinta da rana tsaka, ya ce a rufe taga, haske na sukar idonsa. Kafin yamma jikinsa ya ɗauki zafi, ga amai. Da Mama ta tallafo kansa za ta ba shi ruwa, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa. Sai ya dube ni ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ba a haife mu ba. Ban tsaya neman takalmi ba na fita neman mota.

A asibiti suka kwantar da shi ta gefe, suka ɗebi ruwa daga ƙashin bayansa. Kin san ni da leƙe-leƙe. Likitar, wata doguwa mai sanyin magana, ta ɗaga kwalbar ta nuna min. Ta ce na mai lafiya garau yake kamar ruwan sha, na Baba kuwa ya gurɓace kamar ruwan wankin shinkafa. Sanƙarau ne. Nan take suka fara yi masa allurai ta jijiya.

Ga abin da ya ɗaure min kai. Da sakamako ya fito, ta ce ƙwayar cutar sunanta Himofilus, kuma ƙananan yara aka fi saninta da kamawa. Yaya, me ciwon yara yake nema a jikin dattijo mai furfura, wanda ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi? Na tambaye ta, ta ce ita ma abin da take son sani ke nan.

Kada ki taho da jaririn tukuna. An ce sai rigakafinsa ya cika.

Mama tana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Ina gaisuwa. Yaya ƙarfin jiki, yaya ɗan saurayina? Saƙonki ya iso, na karanta wa Baba, ya yi murmushi.

Zazzaɓin ya sauka. Mu ma 'yan gida an ba mu wani magani, saboda 'yar Yaya Babba da ke gidan nan ba ta gama rigakafi ba. Maganin yana mai da fitsari ja-ja. An gaya wa kowa, amma Mama ba ta saurara ba, sai ga ta ta fito daga banɗaki tana salati tana ba mu wasiyya.

Na dami mai aikin ɗakin gwaji har ya bar ni na kafa ido a madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa, na ga ƙwayar. Yaya, wasu 'yan gajerun abubuwa ne jajaye, kamar ɓurɓushin zaren da ke zuba ƙarƙashin kekena na ɗinki. Ya ce sunan yana nufin mai son jini, don ba ta tsira a farantin da suke renon ƙwayoyi sai an ba ta abin da ke cikin jini. Ya ce da yawanmu tana zaune a hancinmu lafiya lau, ba ta taɓa mu. Na daɗe ina kallonsu. Wai waɗannan ne suka sa Baba ya manta sunana.

To ta ina ta shiga kansa? Likitar ta yi ta tambaya, ko an taɓa cire masa saifa, ko kunnensa na ruwa. Babu. Jiya ta shigo daidai lokacin da ya sunkuya zai sa takalmi, sai ruwa ya ɗigo daga hancinsa na hagu. Muka ce ai tsohuwar murarsa ce, wadda muke tsokanarsa da ita, mura mai hanci ɗaya. Ta tambaye shi ko ruwan yana da ɗanɗanon gishiri. Ya ce ƙwarai. Ta tambaya ko ya taɓa buge kai. Mama ta tuna faɗowar da ya yi daga rufin wani gida, shekarar da kika yi aure, ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya koma aiki.

Ashe ba mura ba ce. Hoto ya nuna 'yar tsaga a ƙashin da ke saman hanci. Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwarsa ne yake ɗiga duk shekarun nan, kuma ta inda yake fita ƙwayar ta shiga. In ba a toshe ba, ciwon zai iya dawowa. Za su yi aikin ta cikin hanci. Ki sa shi a addu'a, ni kam tsoro nake ji.

Taki,
Auta

*

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Albishirinki, an yi aiki lafiya, Baba ya dawo gida.

Sai dai sanƙarau bai tafi hannu rabbana ba. Kunnensa na dama ya daina ji, kuma in ya juya da sauri jiri na ɗibarsa. Likitar ta ce shi da hawa rufi har abada. A gida ya yini yana kallon bango, na kai masa abinci na dawo da shi yadda yake. Ban taɓa ganin Baba haka ba, har na gwammace ya yi faɗa.

Shekaranjiya da safe na ji ƙarar zarto a tsakar gida. Na leƙa na same shi zaune kan benci, ya jawo ragowar katako. Na tambaye shi me ake yi, ya juyo min da kunnen hagu, na maimaita. Ya ce, "Aikin ƙasa ai bai ƙare ba. Jikana a kan me yake kwana?"

Don haka ga saƙonsa, gado zai yi masa. Ki auna tsawon yaron da zare, ki ƙara taƙi biyu, ki aiko da zaren. Ya ce kada ki yi sanya, yara ba sa jiran kafinta.

Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan ɗana.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta