Babi Ukun da Suka Rage Mana

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Umma, kin tafi ba ki ga gidana na Unguwar Dosa ba, ba ki kuma san Hajiya surukata ba. Mace ce mai ƙarancin magana. Da aka yi mata aikin ido ta zo jinya wurinmu, kwana huɗu ban da "sannu" ba abin da ya haɗa mu. Har na fara zargin ba ta so na.

Rannan ina gefenta ina karatu na yi dariya, ta ce in karanta mata abin da ya ba ni dariyar. Littafin aro ne daga laburare, irin wanda ake buɗewa a waya. Daga nan kullum bayan la'asar sai babi ɗaya. Da gangan nake jan sa don kada zaman ya ƙare. Kin sha ce min, "Ke ko alewa ce sai kin kwana uku kina tsotsa."

Saura babi uku, na tarar littafin ya rufe. Ni a zatona kamar shagon hayar littattafan da kike aike na ne, in ka makara ka ba da haƙuri. Na je laburaren, ma'aikaciyar ta ce ba daga su ba ne. Kamfanin da ya buga littafin ne ya gindaya sharaɗi: mutum ɗaya a lokaci guda, mako biyu ya kulle kansa, ba su da ikon ƙara ko yini. Mutum biyar ne a gabana a layin aron. Hajiya kuwa ranar Asabar za ta koma Zariya.

Sai ga hawaye, Umma, a gaban baiwar Allah. Ma'aikaciyar ta rubuta a zauren masu karatunsu na waya cewa wata dattijuwa mai jinyar ido tana jiran ƙarshen labari. Kafin azahar ɗin washegari, wadda ke riƙe da shi ta mayar ba ta gama ba, sauran huɗun suka janye. Ban san fuskar ko ɗaya ba.

Har yau ban gane dalilin yi wa littafin da ba ya yagewa layi ba. Amma mun gama ranar Juma'a, a zama ɗaya. Hajiya ta ce ƙarshen bai gamsar da ita ba ko kaɗan. Da za ta shiga mota ta riƙe hannuna, ta ce in nemo mana wani kafin ta dawo ganin likita, "amma na takarda, 'yata."

Na daɗe ban ji wannan kalma ba, Umma.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna makomarki. Mutum biyar ɗin nan kuma, Allah Ya saka musu da mafificin alheri.

'Yar autarki,
Nafisa