Hoton Ya Kaka

Dogo Nini, Potiskum

Zuwa ga Yaya Yunus,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Ramlat da 'yar lelenmu Meram. Yaya zafin Jidda? Mu nan sai godiya.

Yaya, nemi wuri ka zauna tukuna. Ya Kaka ta yarda an ɗauke ta hoto! Matar da ko lokaci ka ɗaga waya za ka duba sai ta ja mayafi, wai ba za a zuba fuskarta a abin da ke yawo hannun kowa ba. Ni kaina ban gama gaskatawa ba.

Ka tuna kyamarar kakanmu marigayi Baba Maigandi? Ita na tono a adaka, na sa Dabo direba ya samo mini fim baƙi da fari guda biyu a Kano. Na ce mata wannan ta mijinta ce, a takarda take fitarwa, kuma takwararta Meram za a kai wa, yarinya ta san fuskar mai sunanta. Can sai ta aike ni kiran mai kitso.

Ka san ni da tsoro. Garin nan babu mai wanke irinsa yanzu, shi ya sa na ƙarar da fim na farko a Kasuwar Shanu don gwaji. Hoto ɗaya da ya rage a cikinsa na harba mata a sace tana tsinkar zogale, ta ankara ta kare fuska, na sha zagi. Dabo ya kai wani shago a Kano. Yaya, ka ga wanki kuwa? Har ƙudan da ke hancin bijimi ana gani.

Sai da na ga haka na saka na biyu. Ta sha lalle, ta naɗa lafaya, gida ya ɗauki humra kamar hoton zai tafi da ƙamshin. Ta yi dariya har giɓinta ya fito. Duka a kanta na ƙarar da shi.

Tari dai ya matsa mata kwanan nan, ka sa ta a addu'a.

Ƙanwarka,
Najiba

Dogo Nini, Potiskum

Yayana,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Ya Kaka, ya kai haske kabarinta. Ina fatan jikin Meram ya yi sauƙi.

Ranar rasuwar ka ce mini a waya sanin akwai hoton nan ne kaɗai ke sanyaya maka zuciya. Shi ya sa na kasa kiran ka, na zaɓi rubutu.

Yaya, babu hoto.

Bayan an tashi daga zaman makoki na ba Dabo fim ɗin, na jaddada masa shagon nan dai, kada ya canza. Da ya dawo da ambulan muka taru a tsakar gida har da maƙwabta. Na buɗe, babu takarda ko ɗaya, sai fim ɗin a naɗe. Na warware na ɗaga wa rana, ina hango darbejiyar gidanmu ta cikinsa. Daga farko har ƙarshe ko inuwa babu. A ƙasa na zauna.

Washegari na hau mota sai Kano. Ashe mutum ɗaya ne a shagon ke wanke baƙi da fari da hannu, kuma ba kullum yake zuwa ba. Shanu sun dace da shi. Ranar da aka kai na Ya Kaka bai zo ba, wanda ke kan aiki ya jefa namu a injin masu kala, maganin ya cinye komai. Ko a jikinsa! Ya ce haka wankin yake, wani ya fito, wani sai haƙuri. Ya miƙo mini sabon fim, wai in je in sake ɗauka.

In sake ɗaukar wa?

Shekara nawa muna lallashin matar nan, sau ɗaya tak ta buɗe mana fuska. Ga shanun mutane jere a ɗakina, kowanne da fuskarsa tas.

Maƙwabcinmu Hussain zai zo Umara, shi zai kawo maka takardar nan. Hoton da ke ciki shi kaɗai ya rage, wanda na ɗauka a sace. Ya wanku ƙwarai. Ga zobenta na azurfa, ga jijiyoyin hannu, ga ganyen zogale manne a yatsa.

Ka nuna wa Meram, ka ce mata wannan hannun mai sunanta ne. Fuskar kuma kai za ka kwatanta mata, ni ba zan iya ba.

Ka gaishe da Anti Ramlat.

Ƙanwarka,
Najiba